Baba Sitiyari da Motar Aske Ciyawa

Duk wanda ya taɓa zama da Baba Sitiyari, ko na ɗan shan shayi ne, ya san abu biyu: ya tuƙa babbar bas shekara talatin da 'yan kai, kuma a duk tsawon shekarun nan ko kaza bai taɓa takewa ba. Na farkon gaskiya ne. Na biyun kuwa, kajin da za su ba da shaida ba su yi tsawon rai ba.

Da ya yi ritaya sai ya sayi 'yar ƙaramar mota, wai don kada hannu ya manta. Hannu bai manta ba, ido ne ya fara ja da baya. Aka ce ya yi tabarau, ya ce tabarau na masu karatun jarida ne, shi direba ne, da jikinsa yake jin hanya. Ran nan ya tsaya a bakin layi ya gaida durom ɗin shara, har da tambayarsa iyali, a zatonsa maƙwabcinsa Hedimasta ne. Ba a jima ba ya shiga gida da mota ta inda babu ƙofa. Matarsa, wadda duk layin ke kira Gwaggo, ta fito ta dubi katangar da ya rusa. Tun ƙura ba ta lafa ba ta zare mukullin, ta zura shi a zare, ta rataya a wuyanta.

Tun daga ranar Baba bai sake jin daɗin duniya ba. Motar na rumfa an lulluɓe ta, shi kuma yana zagaya ta safe da yamma yana shafa mata baya. Ya yi lallashi, ya yi fushi, ya yi yajin cin abinci har zuwa tsakar rana. Gwaggo ko gezau.

"Ke, mukullin nan fa nawa ne."

"Katangar ma taka ce, Malam, ka ga yadda ka yi da ita."

"Katangar ce ta matso."

"To bari ta koma wurinta tukuna."

Yana cikin wannan hali ne ya bi ta gaban shagon kayan lambu, a ƙasa, kamar wanda bai taɓa riƙe giya ba. Sai ya hangi wani jan abu mai taya huɗu da kujera. Ya matsa, ya shafa, hannunsa ya faɗa a kan sitiyari. Sai da ƙwalla ta cika masa ido.

"Wannan fa?" ya tambayi mai shagon.

"Injin yankan ciyawa ne, Baba, na hawa. Amma fa na masu babban fili ne. Idan filinka ƙarami ne, ga na turawa can, ya ishe ka."

"Na turawa? Ni da aka yi shekara talatin ana tura mini mota, yau ni zan tura?"

"To filin naka ya kai yaya?"

Baba ya dubi sama kamar mai auna nisa. "Idan ka tsaya a wannan bakin ka yi sallama, sai gobe a amsa maka daga wancan bakin."

"Akwai bishiyoyi? Gangare? Lungu-lungu?"

"Shimfiɗe yake kamar faranti."

"Wurin ajiya fa? Ba ya son ruwan sama. Ga shan mai, ga wasa wuƙa, ga..."

"Ana neman lasisi?"

"A'a."

"Gwajin ido fa?"

"Baba, ciyawa za ka yanka."

"Ɗora shi a mota."

Mai shagon mutum ne mai hankali. Ya ce zai kai masa ya gwada tukuna, idan ya yi masa sai a yi ciniki.

Filin da sallama ke kwana a hanya kuwa, gaskiyarsa ita ce idan aka shanya zanin gado biyu a kansa ciyawar sai ta nemi rana ta rasa. A tsakiyarsa akwai bishiyar lemo, a gefe ga tankin ruwa a kan ƙafafun ƙarfe, ga igiyar shanya ta ratsa daga wannan kusurwa zuwa waccan. Gwaggo ce ke rage ciyawar da almakashin lambu kafin ruwan shayi ya tafasa.

"Me za mu yi da shi?" ta ce, da ya kawo mata labari.

"Na yi nazari mai zurfi. Na farko, bayanki zai huta."

"Bayana bai kawo maka ƙara ba."

"Na biyu, darajar gida. Duk wanda ya wuce zai san akwai mutane a ciki. Na uku..." Ya saci kallon wuyanta. "Na uku, gwaji. A tara mutanen layi. Idan na aske filin nan tas ban taɓa komai ba, ki ba ni mukullina a gaban kowa."

"Idan ka taɓa fa?"

"In na taɓa ko ganye ɗaya da ba ciyawa ba, kada ki sake jin na ce mukulli, ko na banɗaki ne."

Gwaggo ta dubi filin, ta dubi mijinta. Ta ce ta yarda.

Kafin gari ya waye sau biyu babu gidan da Baba bai shiga da kansa ya yi gayya ba. Ranar da aka kawo injin kuwa layin ya cika kamar za a raba wani abu. Wasu sun zo da kujerunsu.

Matsala ta farko ita ce ƙofa. Injin ya fi ta faɗi. Baba ya kira Kafinta, wanda shagonsa ke manne da gidan, ya ce a cire ƙyaure. Aka cire, bai shiga ba. Ya ce a cire katakon gefe. Aka cire, bai shiga ba. Baba ya ja da baya, ya kanne ido ɗaya, ya nuna katanga.

"Baba," in ji Kafinta, "katangar nan fa kwanan nan aka gama gyara ta."

"Ai shi ya sa. Simintin bai gama kamawa ba, za ta fi sauƙin fita."

Da aka turo injin ciki, hancinsa ya tokari bishiyar lemo, bayansa kuma yana leƙen titi ta ramin katanga. Hedimasta, wanda ke da faffaɗan fili da layin furanni da yake ji da su kamar 'ya'yan cikinsa, ya leƙo ta saman shinge.

"Maƙwabci, injin ya rufe ciyawar duka. Wacce za ka yanka?"

"Wadda ke ƙarƙashinsa mana. Kai da ka yi karatu."

Mai shagon ya fara bayani a kan kujerar, Baba ya ɗaga masa hannu.

"Ni za ka koya wa kujerar direba? Je ka kai sauran kayanka, ka dawo ka tarar da aiki."

Baba ya shiga ɗaki ya fito da tsohuwar hular direba da safar hannu. Ya hau, ya murɗa, inji ya ɗauka. Ya miƙe tsaye don ya ɗaga wa jama'a hannu, inji ya mutu. Ya zauna, ya tayar, ya miƙe don ya ɗan rusuna wa mata, ya sake mutuwa. Haka aka ƙera shi: da zarar kujera ta ji babu kowa a kanta sai ya kashe kansa, don kada ya kama hanya shi kaɗai. Abin da mai shagon ya so faɗa ke nan.

"Matsalar wuta ce," in ji Baba. "Tun daga ƙararsa na gane."

Ya ɗaga kujerar, ya laluba har ya ji wani ɗan maɓalli. Ya karɓo wayar rataye riga daga ɗakin Gwaggo, ya danne maɓallin ya ɗaure tamau. Ya miƙe tsaye a kan injin, bai mutu ba. Ya yi rawar kafaɗa, bai mutu ba.

"Masu ƙera shi sun yi ƙoƙari," ya gaya wa jama'a, "sai dai ba su taɓa tuƙa bas ba."

Ya zauna, ya gyara hula, ya kama sitiyari da hannu biyu. Inji na ta gurnani. Jama'a suka zuba ido. Baba bai motsa ba.

Abin da ya faru shi ne, a duk shekarun da Baba ya yi a bas bai taɓa tayar da mota don ra'ayin kansa ba. Kwandasta ne ke bugun jikin mota. Bugu biyu, a tafi. Bugu ɗaya, a tsaya. Bugu ba ƙaƙƙautawa, a yi ribas. A 'yar ƙaramar motarsa wannan bai taɓa damunsa ba, domin a ƙasa-ƙasa take. Amma yau da ya ji kansa a sama, ga hula, ga jama'a a tsaye kamar a tasha, sai ƙafarsa ta koma bakin tsohon aikinta. Ta daina karɓar umarni daga kansa, ta koma jiran kunne. Shi kansa bai san abin da yake jira ba.

"Malam, lafiya?" in ji Gwaggo.

"Ina ɗumama inji. Ke me kika sani?"

Kafinta ya gaji da tsayuwa. Ya jawo ƙyauren da ya cire, ya ɗora a kan benci a bakin titi, ya ɗauki guduma don ya miƙar da wata ƙusa da ta lanƙwashe.

Kwas, kwas.

Ƙafar Baba ta taka totur har ƙasa. Injin ya zabura ya rungumi bishiyar lemo. Lemo ya yi ta zubowa a kan hula.

"Ka taɓa!" in ji Gwaggo.

"Ban taɓa ba! Girgiza miki na yi, sun nuna!"

Kwas. Birki. Ƙirjin Baba ya gaisa da sitiyari.

Kwas, kwas. Injin ya goge bishiyar ya wuce, ya haɗiye tiyon ban ruwa ya tofo shi gunduwa-gunduwa. Igiyar shanya ta kama Baba a ƙirji, ta tsinke daga bango, ta bi shi da duk abin da ke kanta. Wani zanin gado ya lulluɓe masa kai har kafaɗa.

"Malam, zanin gado a fuskarka!"

"Wane zanin gado? Hanya tas nake gani!"

Gaskiya kuma tuƙin nasa bai ƙara lalacewa ba. Ya zagaya bishiyar, ya daki ƙafar tanki, tanki ya yi tunani kaɗan sannan ya kwanta. Ruwa ya kwaso takalman 'yan kallo ya yi waje da su. Baba ya bi bayan ruwan ta ramin katanga, ya hau titi, riguna da wanduna na binsa a baya a jere kamar masu rakiya.

Kafinta kuwa ya ba titi baya, yana ta fama da ƙusarsa, bai san shi ke tuƙi ba.

Gwaggo ce ta fara ganewa. Ta sha zama a gaban bas ɗin mijinta, ta san wannan tsayawa da wannan tashi kamar yadda ta san tarinsa. Ta ɗora hannu a ka.

"Kafinta! Gudumarka yake bi! Buga sau ɗaya! Sau ɗaya kawai!"

Kafinta ya waiwayo, ya ga abin da ke tahowa, ya buga sau ɗaya da dukkan ƙarfinsa. Injin ya tsaya cak, saura ƙiris ya shiga bencin. Kowa ya sauke numfashi.

Sai dai mutanen layin mutanen kirki ne, kuma duk sun ji abin da Gwaggo ta ce. Hedimasta, don a ƙara tabbatarwa, ya bugi ƙofar gidansa sau ɗaya. Mai wanki ma ya bugi bokitinsa sau ɗaya. Ɗaya da ɗaya kuwa, ko ba a tambayi Hedimasta ba, biyu ne.

Injin ya sake zabura.

"Ku daina!" in ji Gwaggo.

Babu wanda ya ji ta. Kowa ya ga abin ya ɓaci, kowa ya nemi abin bugawa don ya taimaka. Wannan da murfin tukunya, wancan da takalmi a jikin falwaya, wata da muciya a kan tire, kuma kowannensu zai iya rantsuwa sau ɗaya tak ya buga. Baba ya tafi, ya tsaya, ya tafi, ya tsaya, kansa na gaba da baya a cikin zanin gado. Wata mai ɗinki ta fito tsakiyar titi tana kaɗa hannu biyu don ta tare shi. Iska ta ɗage zanin, ya hangi alamar mutum na ɗaga hannu, sai ya ratse gefe a hankali ya tsaya a gabanta.

"Ina za ki? Shigo, akwai wuri a baya."

"Baba, ka sauka!"

"Direba ba ya sauka sai ƙarshen hanya. In ba ki da canji ki jira ta baya."

Nan fa bugun ya haɗe ya zama ba ƙaƙƙautawa. Hannun Baba ya lalubi giya ya sa ribas.

"Zo! Zo! Zo!" yake faɗa wa kansa, tunda babu mai faɗa masa.

"Kada ka zo!" in ji Hedimasta, wanda ya ga inda bayan injin ya dosa. "Maƙwabci, don girman Allah kada ka zo!"

Baba ya zo. Ya ratsa shingen da baya, ya bi layin furannin daga farko har ƙarshe, bai tsallake ko ɗaya ba. A tarihin tuƙinsa bai taɓa bin layi haka ba. Injin na tafe yana feso ja da fari da ruwan ɗorawa ta gefe, Hedimasta na biye yana kiran kowane fure da sunansa. Da suka kai ƙarshe Baba ya ji bugun ya canza, ya mayar da giya gaba, ya juyo, sai wani reshen mangwaro da ya sauko ƙasa ya ɗauke shi daga kan kujera ya ajiye shi a cikin tulin takin da Hedimasta ya jiƙa da safe.

Injin, da yake an ɗaure masa maɓalli, bai san an yi rashi ba. Ya ci gaba shi kaɗai.

Masu bugu suka tsaya. Injin ya miƙe sambal a kan faffaɗan filin Hedimasta, ya aske layi ɗaya kyakkyawa. Ya je ƙarshe, tayarsa ta goga a gefen dakali, ya juyo, ya aske wani a gefen na farko. Ya sake juyowa. Bai taɓa bishiya ba, bai taɓa famfo ba, har kyanwar gidan ya kauce wa. Da ɗan man da ke cikinsa ya ƙare, sai ya gangara a hankali ya tsaya kusa da motar Hedimasta, daidai wa daida, kamar an auna da tef.

Wani ya fara tafi. Sauran suka kama.

Daidai lokacin mai shagon ya dawo. Ya dubi katangar da ba ta nan, ya dubi tanki, ya dubi wandon da ke rataye a madubin motar Hedimasta.

Hedimasta, da guntun fure a hannu da hawaye a ido, ya kasa ɗauke kai daga filinsa. Bai taɓa ganinsa da kyau haka ba.

"Wannan injin na sayarwa ne?" ya ce a hankali.

"Na sayarwa ne."

"Na saya. Amma ban da direban."

Daga cikin taki murya ta fito. "Kun gani ko? Tarbiyyata ce! Ɗan zaman da na yi a kansa ya koya!"

Aka ciro Baba. Ya yage zanin gadon daga wuyansa, ya lalubo hula ya kifa, ya nufi inda yake jin muryar Gwaggo. Taki na zuba daga aljihunsa.

"To, jama'a shaida ne. Ban taɓa komai ba. Duk su suka taɓa ni. Mukullina."

Aka fashe da dariya. Gwaggo ba ta yi ba. Ta daɗe tana kallonsa, wannan mutum da ta sani tun gashinsa na baƙi, tun yana hango ta daga ƙarshen tasha ya danna mata hon. Tausayinsa ya kama ta, haushinsa ma bai sake ta ba. Ta sa hannu ta ciro zaren daga wuyanta, ta riƙe shi a gabansa, mukullin na lilo.

"Ga shi, Malam. Karɓi."

Dariya ta ɗauke. Mai ɗinki ta ja da baya. Kafinta ya ɓoye gudumarsa a bayansa. Hedimasta ya je ya tsaya a gaban motarsa ya ware hannuwa.

Baba ya yi murmushin nasara, ya miƙa hannu, ya damƙe. Iska ya damƙa, can gefe da mukullin. Ya sake miƙawa, ya kamo hannun rigarta. Ya saki. A karo na uku hannun ya tsaya a sama, bai san inda zai nufa ba, ga mukullin nan dab da hancinsa yana ƙyalli a rana.

Baba ya gane abin da kowa ya gani. Abin ya soke shi har cikin rai.

Ya sauke hannun a hankali, ya kakkaɓe hularsa, ya gyara murya.

"Riƙe abinki. Dama gwada ki nake yi. Mutum idan ya kai matsayina ai tuƙa shi ake yi. Ki je ki koyi mota, ni daga yau a gidan baya zan riƙa zama. Kuma ki sani tun yanzu, ba na son direba mai surutu."

"To, Malam," in ji Gwaggo.

Ta mayar da zaren wuyanta, ta kama hannunsa suka nufi gida, yana tafe yana gaya mata inda za ta taka.